Yadda Za Ka Sauke Injin Babbar Motarka Ka Ɗaura Shi Da Hannunka

Ranar da injin motata ya buga, ina kan hanyar Bodinga ne ɗauke da siminti daga Kalambaina. Allurar bakin mai ta faɗi, sai na ji ƙara daga ƙasan inji kamar ana dukan turmi da taɓarya. Na kashe mota na sauko, na zauna gefen titi ina lissafin bashin da ke kaina. Sabon inji ya fi ƙarfina, ɗan Baljiyam kuwa saye ne a rufe, ba ka san wahalar da ya sha kafin ya iso hannunka ba. Shi ya sa na yanke shawarar sauke nawa in ɗaura shi da kaina, a garejin ogan da na yi wa yaron mota shekarun baya. Abin da na koya a wannan aikin da waɗanda suka biyo bayansa shi zan shimfiɗa a nan, domin mai mota ko direban da ya saba riƙe sifana.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya

Ka fara sanin abin da ya kashe injin. Mafi yawan injunan da ake ɗaurawa su sake lalacewa cikin wata shida, an canza abin da ya mutu ne an bar abin da ya kashe shi. In har injin yana iya tashi, ka tayar da shi ka duba. Shuɗin hayaƙi a salansa bakin mai ne yake ƙonewa. Baƙi yana nuna gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari kuwa ko ruwa ne ya shiga silinda, ko gas ne bai ƙone ba. Ka sa ido kan tiyon numfashin inji: in yana busa hayaƙi kamar murhu, ringi (zobban da ke kewaye da fistan) da silif (bututun ƙarfen da fistan ke gudu a cikinsa) sun cinye. Ka zaro sandar awon mai, in ka ga bakin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Ka buɗe lagireto tun injin yana sanyi, ka tayar, in ruwa yana kumfa to gasket ya ƙone ko tof silinda, wato murfin saman inji, ya tsage.

Akwai wani gwaji da ogana ya nuna mini wanda ban taɓa mantawa ba. Ya kwance babban tiyon da ke ɗauko iska daga filta zuwa inji, ya zura yatsa ciki ya shafo, ya murza tsakanin yatsunsa kusa da kunnena. Na ji ƙaras-ƙaras. Ya ce, "Ka jiya? Wagga ƙura ita ta canye maka inji, ba tsufa ba." Da muka bi tiyon sai ga tsaga a ƙarƙashinsa, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Hunturu biyu injin ya yi yana shaƙar ƙurar Sakkwato ta wannan kafar, kuma ƙura idan ta haɗu da mai tana cin ƙarfe ne kamar sanfefa.

Sai ka nemi littafin injinka, ko da a waya ne. Babu makawa a kan wannan. Ƙarfin da ake ɗaure notin tof silinda na Mercedes 911 mai injin OM352 daban yake da na DAF, daban da na MAN, daban da WD615 da ke cikin Howo. Duk wanda ya ce maka ya haddace na kowace mota, ka gode masa ka buɗe littafi.

Kayan aikin da ba a yi sai da su: cen bulok mai ƙarfi da ƙafafun ƙarfe, sifanar awon ƙarfin ɗauri wadda kanikawa ke kira tok, maikiromita, agogon awo mai allura, filagej na auna siririn fili, abin matse ringi, abin buɗa ringi, da zaren Plastigage. Wanda ba ka da shi ka ara ko ka yi haya. Sannan ka tanadi wuri mai rufi da daɓen siminti, da leda mai faɗi, da gwangwanaye da kwalaye da alƙalamin fenti.

Saukewa da warwarewa

Ka ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe, ka sa waigi a tayoyi gaba da baya, ka cire kan batir. In mai ɗaga kai ce, ka ɗaga kan har ƙarshe ka tokare shi da ƙarfe, kada ka dogara da jak ɗinsa. Ka zubar da bakin mai a mazubi mai tsabta ka duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, sannan ka zubar da ruwa. Kafin ka cire kowace waya ko tiyo, ɗauki hotonta da wayarka. Bayan mako uku ba za ka tuna wace ta shiga ina ba.

Injin lita 12 yana kai wa tan ɗaya. Kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa yana rataye, kuma kada a rataye shi a reshen dogon yaro kamar yadda ake yi a wasu garejin. Da ya sauka, ka toshe duk ramukansa ka wanke shi ta waje tas kafin ka buɗe.

Wajen warwarewa doka ɗaya ce: kowane abu ya san gidansa. Notocin tof silinda ana sassauta su daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Sandunan da ke tura bawul ka soke su a kwali bisa jerinsu. Ka juya injin, ka cire botom filet, wato kwanon bakin mai na ƙasan inji, da famfon mai, sannan ka duba murfin kowane kwanrod (sandar da ke haɗa fistan da karanshaf) da na kowane mazaunin karanshaf (babban ƙarfen da fistan ke juyawa). In babu lamba a jiki ka sa, tare da alamar ɓangaren da ke kallon gaba. Murfin kwanrod na uku ba zai zauna a kan na huɗu ba ko da ido ya ce iri ɗaya ne, domin tare da nasa aka huda shi a masana'anta. Kafin ka taɓa giyoyin taimin, ka juya inji har alamominsu su haɗu, ka ɗauki hoto.

Kada ka zubar da tsofaffin kaya tukuna, ka jera su ka karance su. Metal, wato lanƙwasasshen ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, in ya yi zane-zane datti ya ci. Wanda ya yi baƙi ya narke, mai ne ya yanke masa. Wanda ya cinye ta gefe ɗaya yana gaya maka kwanrod ya lanƙwashe. Fistan da kansa ya narke, nozul ɗin wannan silindar ne yake tsiyaya maimakon feshi. Wanda ya goge ta gefuna kuwa zafi ya sha, sai ka koma kan lagireto da famfon ruwa, ka kuma duba ɗan bututun da ke fesa mai a ƙarƙashin fistan ko ya toshe.

Awo

A nan aikin yake, kuma a nan ake yawan yin ha'inci. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu na farko da mutanen garinmu ya kamata su kiyaye: kada ka auna ƙarfen da ya yini a rana. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, ƙarfen da ya yini a fili kuma ya fi haka nesa, ya kumbura. Kai kuma kana neman bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ka ajiye karanshaf da maikiromita wuri ɗaya a inuwa su kwana, ka yi awo da sassafe bayan sallar asuba.

Ka fara jan farcenka a kan kowace gaɓar karanshaf. In farce ya maƙale a zane, sai an yanka. Ko bai maƙale ba, ka auna kowace gaɓa ta fuska biyu, tsaye da kwance, a bakinta na gaba da na baya, domin ka gane ko ta koma siffar ƙwai ko ta tsuke ta gefe ɗaya. Ka rubuta duk lambobin a takarda. In sun fita daga iyakar littafi, ka kai wa masu yanka. Yanka yana tafiya mataki-mataki ne, 0.25 na milimita, sai 0.50, sai 0.75, wato abin da kanikawa ke kira 010 da 020 da 030. Ka roƙi mai yankan abu biyu: ya duba tsaga kafin ya fara, kuma ya bar lanƙwasar da ke gindin kowace gaɓa yadda take. In ya mayar da wurin kusurwa mai kaifi, daga nan karanshaf zai karye wata rana da kaya a bayanka. Kuma kada ka sayi metal sai an gama yanka ka sake aunawa da hannunka.

Silif iri biyu ne. Akwai wanda ruwa ke taɓa bayansa kai tsaye, mai zoben roba a ƙasa, irin na manyan DAF da MAN. Akwai busasshe da ake dannawa cikin bulok. Wasu injunan kuma, kamar OM352, fistan yana gudu ne a jikin bulok ɗin kansa, sai dai a kai a faɗaɗa ramin ko a dasa masa silif. In naka mai ruwa ne, da ka zaro tsohon ka duba bayansa. Za ka iya ganin ƙananan ramuka kamar gara ta ci itace. Wannan aikin ruwan rijiya ne zalla da muke ɗurawa ba tare da maganin lagireto ba, kuma in ramin ya zarce ciki, ruwa ya sauka cikin mai ke nan.

Ka kankare mazaunin silif a bulok har ya yi ƙyalli, ka zura sabon silif ba roba, ka danne shi, ka auna tsawon da bakinsa ya ɗara fuskar bulok a wurare huɗu da agogon awo. Ɗan tudun nan, wanda sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, shi ne gasket yake cizawa. In ya yi ƙasa, gasket zai ƙone. In ya yi sama, ruwa zai tsiyaya ko bakin silif ya tsage. In na silinda ɗaya ya bambanta da na maƙwabciyarta, a gyara mazaunin a sa shim, wato siririn zoben ƙarfe na cike tsawo. Mutane da yawa suna tsallake wannan awon, sai su yi ta canza gasket suna zagin mai kanti.

Tof silinda ka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe a tsaye da a karkace, ka gwada zura filagej a ƙarƙashi. Ka kai a gwada shi da matsin ruwa saboda tsagar da ido ba ya gani, musamman tsakanin bawul da bawul. Bayan an gyara mazaunin bawul, ka kifa shi ka zuba kananzir a ramukan, ka jira. In ya zubo, a sake. Famfon injekta da nozul kuwa ba aikin gida ba ne, ka kai wa masu injin saita su. Kuma don Allah kada ka taɓa tara hannu gaban nozul yana feshi, gas ɗin yana huda fata ya shiga nama.

Sayen kaya da wanki

Araha ba ta ado. Na taɓa sayen ringi a kwali mai kyau da tambari, farashinsa rabin na sauran, na yi murna. Da na zura guda cikin silif na auna bakinsa, sai ga filagej mai kauri yana wucewa sakayau. Da na ɗaura shi haka, da injin ya ci gaba da shan mai kamar ba a taɓa shi ba. Ko a nan Sakkwato za ka saya, ko ka aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, ka tafi da lambar inji da tsohon kayan a hannu, ka kuma yi sharaɗin mayarwa in awo bai yi ba. Fistan da silif da ringi ka saye su saiti ɗaya na kamfani ɗaya.

Wanki kuwa sai ka gaji. Ka buɗe duk matosan hanyoyin mai na bulok, ka zura buroshi mai tsawo, ka wanke da gas, ka bi da ruwan zafi da sabulu, ka busa da iska, ka shafa mai nan take saboda tsatsa. Ramukan cikin karanshaf ma haka, domin ƙurar yanka tana ɓuya a ciki. Ka shafa farin ƙyalle a cikin silinda, in ya fito da toka-toka ka sake wankewa. In metal ne ya narke a injinka, to kular mai, wadda ke sanyaya bakin mai, cike take da ɓarɓashi, gara ka canza ta da ka yarda da wanki. Intakula ma, mai sanyaya iskar da ke shiga inji, a wanke ta a tsiyaye, domin man da ya taru a ciki yana iya sa inji ya ruga da kansa ba ya jin kashewa.

Ɗaurawa

Ka zaɓi ranar da iska ba ta kaɗawa. In lokacin hunturu ne ka rufe ƙofa, ka yayyafa ruwa a daɓe, duk abin da ba ka aiki a kansa ka lulluɓe shi da leda.

Ka shimfiɗa metal a mazauninsa, bayansa a bushe ba mai, mai rami ya dace da ramin mai na bulok. Ka kwantar da karanshaf a bushe, ka yanko ɗan zaren Plastigage ka ɗora a kan kowace gaɓa, ka rufe ka ɗaure da tok yadda littafi ya ce, kada ka juya. Da ka buɗe za ka ga zaren ya baje, sai ka kara faɗinsa da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Wannan shi ne filin da mai zai bi. In ya dace, ka goge zaren, ka shafa mai sosai, ka ɗaure daga tsakiya zuwa gefe. Bayan kowane murfi ka juya karanshaf da hannu. Inda ya fara ƙarfi, tsaya nan ka nemi dalili, kada ka ce zai saki in ya yi zafi. Sannan ka tura shi gaba da baya ka auna wasansa da agogo.

Robobin silif su zauna ba murɗiya, a shafa musu abin da littafi ya ce, domin wata robar tana kumbura in ta taɓa bakin mai. Kowane ringi ka gwada shi cikin silindarsa, ka daidaita shi da kan fistan, ka auna bakinsa. Ɓangaren da ke da rubutu shi ke kallon sama. Ka sa shi da abin buɗa ringi, ka rarraba bakunan kada su hau layi ɗaya. Ka duba kibiyar da ke kan fistan, ka matse ringi, ka tura da ƙotar guduma a hankali, wani yana tarbar kwanrod daga ƙasa don kada ya daki gaɓar karanshaf ko ya lanƙwasa bututun fesa mai. In ya tsaya, ringi ne ya fito, kada ka buga.

Ka haɗa giyoyin taimin bisa alamominsu, ka juya inji zagaye biyu da hannu. Famfon mai in akwai shakka a kansa ka canza, kuɗinsa bai kai na karanshaf ba.

Kafin tof silinda ya hau, ka busa ramukan notoci. Mai ko ruwa in ya kwanta a ƙasan rami, kana ɗaurewa zai iya tsaga bulok. Ka auna tsawon notocin, wanda ya miƙe ya wuce iyaka a canza shi. Ɗauri daga tsakiya yake farawa ya yi waje, mataki-mataki, kuma injuna da yawa bayan tok suna son a ƙara juyawa da wasu digiri. Ka ɗiga fenti a kan kowane noti don ka san wanda ka juya. A wannan matakin ogana ba ya amsa ko sallama. Ya ce, "In anka yi maka magana kana ɗauri, lissafi ya ɓace."

Saitin bawul ana yin sa inji yana sanyi. A injin silinda shida a jere, wuta tana bin 1-5-3-6-2-4. Idan bawul biyu na silinda ta 6 suna musaya, ɗaya yana rufewa ɗaya yana buɗewa, sai ka saita na ta 1. Haka 2 take ga 5, 4 ga 3, 1 ga 6, 5 ga 2, 3 ga 4. Zagaye biyu ka gama. Nozul kuma kowanne da sabon wosha na jan ƙarfe.

Tashin farko

Ka mayar da inji, ka sa sababbin filtoci duka, ka bi tiyon iska taku-taku kana matsawa da hannu, duk mai tsaga ka jefar. A wanke lagireto ciki da waje, a mayar da tamostat in an taɓa cire shi, a zuba ruwa mai tsabta da maganinsa. Ka zuba bakin mai 15W-40 na kirki, ka ɗura kaɗan a bakin turbo ka juya shi da yatsa. Ka hana gas zuwa, ka yi ta buga kik na daƙiƙa 20 kana hutawa, har allurar mai ta motsa. Sai ka fitar da iska daga layin gas da famfon hannu. Wani ya tsaya da faffaɗan katako kusa da bakin iska, don ya toshe shi ko da inji zai ruga. Kada a kusanto da tsumman fetur.

Ka yi bisimilla ka tayar. Idonka a kan allurar mai: in daƙiƙa 15 suka wuce ba ta tashi ba, kashe. In ta tashi, ka zagaya da tocila kana neman ɗigon mai, ruwa ko gas, kana saurare. Da ya yi zafi ka kashe, ka bari ya huce, ka ƙara ruwa, ka sake duba mai.

Kada ka bar shi yana silo, wato yana aiki mota na tsaye, yini guda da sunan ya saba. Ringi ba ya zama sai da nauyi, dogon silo kuwa yana sa cikin silif ya yi santsi, injin ya dinga shan mai har abada. Ka ɗora rabin kaya ka hau titi da safe, kana canza gudu, ba ka danna totur har ƙasa ba, ba ka kuma bar shi yana nishi a babbar giya ba. Ni hanyar Illela na bi na dawo, ina tsayawa lokaci-lokaci ina leƙa ƙasan mota. Kafin ka kai kilomita 1,000 ka zubar da wannan man, ka sake saitin bawul, ka sake ɗaure tof silinda in littafinka ya ce a yi. Tsohuwar filtar mai kuma kada ka yar: ka yanka ta, ka warware takardar cikinta a rana. Ɗan ƙyalli kamar gari ba komai ba ne a canjin farko. In ka ga gutsattsari masu launin jan ƙarfe, ka ajiye motar, ka sauke botom filet ka duba metal kafin ka ɗauki wani lodi.